Yoyon Gindin Agogo

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe tara na safe

Likita ne ya ba ni wannan littafi. Wai in riƙa rubuta rana da lokaci da abin da na yi, don a ga ko kaina yana riƙe abu. To ga shi. Yau Litinin. Na tashi, na sha shayin da ya huce, na zauna. In yana son ƙari ya zo ya tambaye ni da bakinsa, don littafin nan dai ba zai gan shi ba. Ban taɓa shiga aji ba, baƙin da na sani a bakin rami na koye shi, amma ya ishe ni in rubuta wanda ya cuce ni.

Ina hawa na bakwai, gidan Auta da mijinta. Mutum ya kwana tsakanin sama da ƙasa kamar jemage. Makullin gidana yana aljihun Babba, ɗana na fari. Ya ce sai ashirin ga wata, in likita ya sake duba ni, za su zauna su yanke ko in koma gidana ko a rufe shi in ƙare a nan. Za su zauna. Su da na wanke wa kashi.

Duk a kan abin da ya faru a tsakar gida. Tsakar gidana ce, ba ta uban kowa ba. Tela maƙwabcina ne ya leƙo ta katanga ya buga musu waya. Allah ya isa tsakanina da tela.

Talata, 4 ga wata, da hantsi

Taga ba ta buɗuwa sai rabi. Na tambaya, Auta ta ce haka aka yi ta. Jiya na ga mijinta da sukundireba.

Alhamis, 6 ga wata, bayan la'asar

Auta ta shigo tana murna, wai ta yankar mana tikitin yawon buɗe ido ranar Asabar. A ƙafa. Akwai wani da zai yi gaba yana nuna wa mutane gari.

Na ce, "Wane garin?"

Ta ce, "Wannan mana, Baba. Ka sha iska, ka ga yadda ya canza."

Shekara talatin da huɗu na yi a hukumar ruwan garin nan kafin in koma gida. Ba titin da ban durƙusa a kai ba. Aikina sauraro. Ina da sandar ƙarfe mai kan katako kamar ƙoƙo, in dasa ta a ƙasa, in ɗora kunne, in gaya wa lebura, haƙa nan. Su haƙa, su tarar da bututu yana yoyo. Ban taɓa sa mutum ya haƙa busasshen rami ba, ban taɓa kuskure da ya wuce taku ɗaya ba. Masu cewa gani ya kori ji ba su yi aikin ruwa ba. Ni za a ɗauko wa yaro ya nuna mini gari? Shi samansa ya sani, ni hanjinsa na sani.

Na ce ba ni zuwa. Ta ce, "Yaya Babba ya ce in ka iya yawon nan lafiya, shi ma abin gaya wa likita ne."

Na ce a goge mini takalmi.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Sun sayo mini takalmin roba mai igiya, fari fat, irin na 'yan ƙwallo. Nawa zan sa. Sandata kuma tana hannuna, su a ganinsu ta dogarawa ce.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta shi daki-daki, kada gobe wani ya ce na manta.

Mun taru a gaban tsohuwar tashar jirgin ƙasa, mu goma sha shida har da ni. Baƙi ne kusan duka, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai neman ruwa a ba shi. Mai nuna garin ya ɗaga laima rawaya, alhali ba hadari ba rana, wai don kada mu ɓace. Ya ce, "Baba, za ka iya? Tafiyar awa huɗu ce fa." Na ce, "Ranar da na fara taka titin nan ubanka yana rarrafe." Mutane suka yi dariya. Auta ta mintsine ni a hannu.

Muka kama hanya. Mai Laima yana cewa ku dubi sama, ku dubi rufin can, ku dubi tagogin can, kowa ya kafa haɓa a sama. Ni ƙasa nake kallo. Murafan ƙarfen makullan ruwa suna nan inda na bar su, sai dai an malala kwalta a kan rabinsu. Daga tasha zuwa gada na ƙirga tara da aka binne da ransu. Ranar da bututu zai fashe, da me za su rufe ruwan? Da laima?

A kan gada ya tsayar da mu, ya ce gadar ta shekara ɗari ba ta taɓa motsi ba. Ƙarya. Babban bututu yana rataye a cikinta, kuma sau biyu muna ɗaure kanmu da igiya muna sauka mu gyara inda ta ja shi. Na ƙyale shi. Wata mata mai faffaɗar hula ta miƙo mini waya in ɗauke ta hoto. Na ɗauka. Ta duba ta ce ƙafafunta kawai suka fito. Na ce su ne suka yi aikin.

Daga nan titin manyan shaguna, gilashi tun daga ƙasa har inda wuya ke ƙarewa. Mutum yana tafiya yana ganin wani tsoho yana binsa a bango, sai daga baya ya gane shi ne. A kwana ta biyu akwai shagon da ake sayar da sanyi mai zaƙi a ƙoƙon takarda. Nan rami ya rufta da wani leburana da muke kira Mai Waƙa, muka tono shi da hannu. Yau mutane suna layi a kansa suna lasar cokali. Surukina ya ce, "Baba, a sayo maka?" Na ce haƙorina ba ya so.

Mun wuce bakin wani lungu mai matattakala. Auta ta ce, "Baba, ba a nan kuka fara zama da Inna ba?" Na ce takalmi yana matsa mini. Ban duba ba.

Gidan tarihi kuwa, nan raina ya fara ɓaci sosai. Mai gadi ya ce ba a shiga da ƙarfe, ya karɓe sandata ya jefa a kwandon laimomi. Jefawa. A ciki, cikin akwatin gilashi, ga makullin da muke buɗe ruwan titi da shi, an sa masa fitila kamar gawar mai mulki. Mai Laima ya ce, "Wannan kayan mutanen da ne, ba a san takamaimai yadda suke riƙe shi ba." Na ce, "Ga mutumin da a gabanka. Biyu ke riƙewa, ɗaya nan ɗaya nan, a juya hagu." Ya ce, "Madalla, Baba," ya wuce. Irin madallar da ake yi wa yaro in ya ƙirga zuwa goma.

Ƙarshen yawo dandalin agogo. Hasumiya a tsakiya, gefe ga famfon ado yana feshi, tattabaru sun fi mutane yawa. Mai Laima ya hau dakali ya ce ruwan nan daga wani idon ruwa yake fitowa tun zamanin kakanni, bai taɓa ƙafewa ba, kowa ya taɓa shi zai dawo garin. Baƙi suka ruga suna tsoma hannu.

Na ce, "Ƙarya kake yi."

Baƙi suka juyo suna kallona.

Na ce, "Bututu ne mai inci shida, daga titin gada ya taso. Ni na ɗaura shi da hannun nan. Ba ni makullin can na gidan tarihi, in ƙafar maka da idon kakanninka kafin ka sauke laima."

Mai hula ta yi dariya har da riƙe ciki. Mai Laima ya ce, "Baba, labari ne, don nishaɗi." Na ce ni ba nishaɗi na zo yi ba, gari aka ce za a nuna mini.

Ƙafata ta gaji, ba zan ɓoye ba. Na koma gindin agogo, kusa da wani murfi mai tsaga, na dogara da sanda. Kaina ya sauka a kan ƙoƙon, yadda ya saba.

Sai na ji shi.

Siriri, ba ya yankewa, tsiii, kamar mai ya fara zafi a kasko. Ƙaramin yoyo a tsohon ƙarfe. Da motoci, da tattabaru, da surutun baƙi, na ji shi. Irinsa shi ke cin ƙasa a ɓoye wata da watanni, ranar da ya ga dama titi ya buɗe baki.

Na ce kowa ya yi shiru. Na ce a matsa daga gindin agogo. Wataƙila na ɗaga murya. Wataƙila na ɗaga sanda. Ban taɓa kowa ba, laimar ce ta zo inda sandar take.

Auta ta riƙe ni tana cewa, "Baba, don Allah. Baba, ba a nan ba." A mota tana ta kallon taga tana goge hanci, wai mura.

Taku dubu nawa na yi yau ban zauna ba ko sau ɗaya? Wannan ba wanda zai gaya wa likita.

Lahadi, 9 ga wata, da azahar

Babba ya zo. Bai zauna ba, ya tsaya yana kaɗa makullin mota.

Ya ce, "Baba, irin na gida ne kuma?"

Na ce, "Na gida daban."

Ya ce, "Rami huɗu ka haƙa a gida, har cikin ɗakin Inna. Ko ɗigo ba a gani ba."

Uku ne da rabi. Na huɗun ban gama ba tela ya leƙo. Da an bar ni na kai ƙasa da yanzu ba wannan maganar ake ba.

Na ce masa ruwa ba ya tsami banza. Ya ce, "Kunne ma yana tsufa, Baba." Na ce, "Bakinka ne bai tsufa ba har yanzu." Na ce su je su tono gindin agogo. In ba ruwa, su rufe gidan, su jefa makullin a kogi, ba zan ƙara cewa uffan ba. In da ruwa, a ba ni abina.

Ya yi dariyar gefen baki ya ce, "Na yarda." Ya san ba mai haƙa dandali don maganar tsoho. Da ubansa yake wayo.

Litinin, 10 ga wata, da safe

Ɗan yatsan ƙafa ya yi ƙuna. Ba zan nuna musu ba, za su ce farin takalmi.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Surukina ya kai ni hukumar ruwa. Ba don ya yarda da ni ba ne, don in bar matarsa ta huta ne, amma ya kai ni. Yaron ba shi da laifi sai yawan cewa "haka ne, Baba" ga kowace magana.

An rushe rumfar da muke ajiye kaya, an yi ofis mai sanyi. Wata akawu ta ce, "Ka ga ruwan a sama?" Na ce in ya fito sama ai ko jaki ya gani. Ta ce, "To me ya nuna akwai yoyo?" Na ɗaga sandar. Ta dubi surukina, ba ni ba, ta ce, "A cike takarda, za a duba." Na san inda takarda ke kwana.

Muna fita wani ya ƙwala kira, "Maigida! Kunnen Ƙasa!" Shekara ashirin rabon da a kira ni haka. Gajere ne, leburana na da, wanda nake aika ɗauko diga ya dawo da shebur. Kansa ya yi fari, wai shi ne shugaban masu gyara yanzu. Duniya. Ya durƙusa har ƙasa a gaban yaransa.

Ya ce, "Ina kunnen?" Na ce, "Yana nan inda ka bar shi, ina wayon?" Ya ce, "Har yanzu ana nema."

Na gaya masa. Ya ce yanzu na'ura ke sauraro, akwai layi, amma tunda ni ne zai sa dandali a ciki. Na ce gindin agogo, murfi mai tsaga, taku ɗaya gabas. Ya rubuta a tafin hannu.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ban ɓace ba.

Da asuba ake sauraro, kafin motoci su tashi, kowane mai aikin ruwa ya sani. Na sauka ta matattakala don akwatin hawan nan yana ƙara. Na isa dandali da ƙafata, ba laima ba kowa. Na dasa sanda. Yana nan, ya ma ƙara ƙarfi. Na matsa taku biyar, yana nan. Na je bayan hasumiya, yana nan. Na ce to, ya yi nisa a ƙasa, ya bazu.

A dawowa ne. Titin da na sani yana gangarawa zuwa gada, sun juya shi. Gine-ginen duk uwa ɗaya ta haife su. Na bi murafan ƙarfe, su kuma an binne su. Na zauna a dakalin wani mai gyaran agogon hannu, ya ba ni ruwa, ya tambayi sunan unguwa. Na san sunan. Bai zo ba ne kawai a lokacin.

Ƙarfe goma sha ɗaya surukina ya same ni, rigarsa jiƙe da gumi. Bai ce haka ne Baba ba.

Ban ɓace ba. Garin ne ba a bar shi inda yake ba.

Juma'a, 14 ga wata, da hantsi

Yanzu ana kulle ƙofa ta waje in za su tafi aiki. Auta ta ce saboda ɓarayi. A hawa na bakwai.

Lahadi, 16 ga wata, da yamma

Gajere shiru. Wanda aka aika ɗauko diga.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe goma na safe

Sun tafi aiki. Gidan tsit. Ina zaune bakin gado ina goge ƙoƙon sanda da ɗan mai, na ɗora kunne don in ji ko katakon ya tsage. Ƙasan sandar yana kan katifa, amma ga tsiii ɗin nan.

Katifa ba ta da bututu.

Na ɗaga sandar sama, ba ta taɓa komai. Na ajiye ta can nesa, na toshe kunnen dama. Na toshe na hagu.

Gidan nan an yi shi da bututu a kowane bango. Mai yiwuwa ne. Bene bakwai, kowa yana buɗe famfo.

Na shiga cikin kabad na rufe, tsakanin rigunan surukina.

Ba zan rubuta ba.

Talata, 18 ga wata

Auta ta ce me ya sa ban ci abinci ba. Na ce ba gishiri.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Gajere ya bugo wa surukina da safe, ya ce a kawo ni dandali. Na ce ƙafata tana ciwo. Auta ta ce, "Kai da ka hana mu barci a kan maganar nan?" Babba ma ya baro ofis ya zo, don ya ga ƙarshen ubansa da idonsa.

An kewaye gefen dandali da jan ƙyalle. Rami ya kai ƙirji, ruwa yana tsartuwa daga tsohon ƙarfe siriri kamar zare, ƙasan wurin duk ta zama kunu, an ci rami a ƙarƙashin duwatsun da mutane ke takawa. Lebura uku a ciki. Mai Laima ma yana can da sababbin baƙinsa, ya ga ni ya sauke laima.

Gajere ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Daidai inda Maigida ya nuna! Na'ura ma sai da ta yi ta lalube. Da an ƙara wata biyu, da wurin nan ya hadiye mutum." Yaransa suka tafa. Babba ya cire tabarau ya mayar, ya sake cirewa.

Ni kuwa na ƙirga. Daga murfi mai tsaga zuwa bakin ramin, taku goma sha ɗaya. Kuma yamma, ba gabas ba.

Goma sha ɗaya. Daga inda na tsaya ran Asabar, da motoci da tattabaru, ko ina ɗan shekara talatin ba zan ji wannan zaren ba. Bututun garin nan sun haura shekara sittin. Ka ɗaure wa akuya diga ta sara ko'ina, za ta samu ruwa.

Na ja Gajere gefe. Na ce, "Ni za ka yi wa sadaka?"

Ya ce, "Wace sadaka, Maigida? Ka ce akwai yoyo a dandali, ga yoyo a dandali."

Na ce, "Na ce taku ɗaya gabas."

Ya buɗe tafin hannu ya ce, "Ya goge. Ka san ni da wanke hannu."

Na ce, "Ban koya maka ƙarya ba."

Ya ce, "Ba ka koya mini komai ba, zagina kawai kake yi. Ka tafi gidanka, tsoho." Ya koma bakin rami yana yi wa yara tsawa da irin muryata.

Da na samu abin jifa da na jefe shi.

Alhamis, 20 ga wata, bayan azahar

An je wurin likita. Babba ne ya yi ta magana, yana ba da labarin dandali kamar shi ya haƙa. Likita ya tambaye ni rana, na faɗa. Ya tambayi littafi, na ce na bar shi a gida. Ya ce, "Kana jin wata ƙara a kunne, Baba? Kamar kukan gyare ko iska?" Na ce ina jin surutun 'ya'yana. Ya yi dariya ya rubuta wani abu.

A falo Babba ya ajiye makullin a kan tebur, ya ce, "Baba, ka yafe mini. Na ɗauka..." Bai ƙarasa ba. Ya ce wataƙila na gidan ma akwai, zai turo masu na'ura su duba.

Ya kamata in ji daɗi. Shekara nawa ina jiran yaron nan ya sunkuyar da kai. Ga shi ya sunkuyar, a kan abin da shi ne mai gaskiya. Magana ta zo mini har maƙogwaro. In na faɗa, taga mai rabin buɗewa har in mutu. In na yi shiru, na ci gidana da guzurin ƙarya, ni da ban taɓa sa hannu a rahoton da ban ji da kunnena ba.

Na ɗauki makullin. Na ce ba na son masu na'ura a gidana.

Haushin kowa nake ji. Gajere, Babba, likita, tela. Har da wanda ban rubuta ba.

Asabar, 22 ga wata, cikin mota, da hantsi

Rubutun zai karkace, hanya ba kyau.

Auta ce ta raka ni tasha. Ta sa mini jaka a ƙarƙashin kujera, ta tsaya a taga ba ta tafi ba.

Ta ce, "Baba, ranar yawo ni na riƙe ka. Ina tsaye a kan murfin nan mai tsaga."

Na ce, "To?"

Ta ce, "Ni ma na iya ƙirga."

Na ce direba ya cika ɓata lokaci.

Ta ce, "Kuma ran Litinin na tarar da rigunan mijina a zube, kai kuma tun ranar hannunka ba ya barin kunnen hagu." Ta ce ba ta gaya wa Yaya ba, ba za ta gaya masa ba. Ta ce a hawa na bakwai ina mutuwa a tsaye, ta gani. Ta ce, "Amma na buga wa tela, ya kwashe diga da shebur, ya cike ramukan. Zai riƙa leƙo ka safe da yamma."

Na ce, "Tela? Munafukin nan?"

Ta ce, "Shi. Kuma in ka ji, kafin ka taɓa ko cokali, ka kira ni. Ka yi mini alkawari, ko in sauke jakar nan yanzu."

Kamar uwarta, har yadda take ɗaga gira ɗaya. Mutanen mota duk sun zuba mana ido. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Yi mata mana, malam, mu tafi." Na yi.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Gidana. Tela ya cike ramukan kamar yadda yake ɗinki, ko'ina tudu da kwari. Ya leƙo tun da sassafe yana washe baki, "Maƙwabci, an dawo lafiya?" Na ce da ban dawo ba da wa kake magana?

Na share ɗakin uwarsu. Na buɗe tagogi duka, har ƙarshe.

Ina hura wuta ya fara. Ƙarƙashin madafa, gefen bango, siriri, ba ya yankewa. Na san zurfinsa, na san inci nawa ne, na san inda zan sara farko. Akwai tsohuwar fartanya a bayan randa, tela bai gan ta ba. Na tsaya a kanta har ruwan shayi ya tafasa ya ƙone rabi.

Na buga waya.

Ta ce, "Baba, lafiya?"

Na ce, "Ina ji."

Ta ce, "Ta wane gefe?"

Na ce, "Hagu."

Ta ce, "To bar shi ya zuba, Baba. Ka karya?"

Na ce ba abin da ya dame ta da karyawata, na kashe.

Ga ni zaune a bakin madafa. Yana zuba. Shekara talatin da huɗu ban taɓa jin yoyo na zauna ba. Na zauna.